Filafilin da ke Rataye a Gidan Thoday

Duk wanda ya saba bin hanyar bakin kogin Cam da sassafe ya san Hester Thoday, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai furfura a gefen kunne, bisa tsohon baƙin keke, usur a wuya, idonta a kan ruwa maimakon hanya, wadda masu yawo da karnuka ke darewa tun daga nesa in sun hango ta. Malamar lissafi ce a wata sakandare cikin gari. Ta koyar da 'ya'yan rabin unguwarmu, kuma ban taɓa jin uwar da ta kai ƙararta ba. Mace ce mai gaskiya da riƙon amana, in ta ce maka ƙarfe shida, to ƙarfe shida ɗin ne. Aibinta guda ne, ita ma ta san da shi: shekara talatin ke nan tana kishi a kan wani katako.

To ku gyara zama in faro muku daga tushe.

Hester 'yar manomin dankali ce daga ƙasar fadamar nan ta arewa da gari, inda ƙasa ta shimfiɗe kamar faifai har iyakar ganin ido. Su biyu ne wurin ubansu, ita da yayanta Clive. Tun tana 'yar shekara goma sha biyu take ɗaga buhu tare da ma'aikata, saboda haka ranar da ta shiga Kwalejin St Ovin, ba ta gama kwance akwatinta ba 'yan ƙungiyar tseren jirgi suka ga kafaɗunta suka biyo ta har ƙofar ɗaki. Kafin shekara ta zagayo tana zaune a kujera ta shida cikin jirgin farko na mata, kujerar da ake ba wadda ta fi kowa ƙarfi.

Kogin namu siriri ne, jirage ba sa iya jerawa kafaɗa da kafaɗa, shi ya sa tun zamanin kakanni ake jera su ɗaya bayan ɗaya, da tazarar jirgi ɗaya da rabi a tsakani. Igwa na tashi kowa ya bi na gabansa. In ka taɓo shi, ku biyun ku ja gefe, tserenku na ranar ya ƙare, gobe ku yi musayar wuri. Kwana huɗu ake yi a watan Yuni, Laraba zuwa Asabar. Jirgin da ya ƙare a kan gaba duka, ko wanda ya taɓo na gabansa kwana huɗu a jere, kowa a cikinsa sai a yi masa filafili na musamman, a shafe shi da launin kwaleji, a rubuta sunayen matuƙa takwas da mai linzami, wato mai juya akalar jirgin, da mai horarwa da ruwan zinariya. Wannan shi ne katakon da nake gaya muku.

A zamanin su Hester jirgin St Ovin shi ne na biyu a kogin baki ɗaya. A gabansa sai na Kwalejin Harcott kaɗai. Shekara uku, tsere goma sha biyu, Hester tana bin Harcott. Ba su taɓa kama Harcott ba, na bayansu ma bai taɓa kama su ba. Abin takaicin ma, mai tuƙi baya yake bai wa inda za shi, don haka duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa ganin jirgin da take kora da idonta ba. Sai dai ta ji usur ɗin mai horarwa daga tudu: busa ɗaya, saura tsawon jirgi, busa biyu, saura rabi, busa uku, ya kusa shiga hannu. Ta ji busa biyu sau da yawa. Daga nan sai shiru, sai ƙarar numfashinta, sai gadar jirgin ƙasa ta wuce ta kanta.

Abokiyar ɗakinta kuwa wata 'yar Sikotland ce, Moira Leckie, gajera, mai kumatu, mai dariya har da ƙwalla. Tarihi take karantawa, in ta ga dama. Barci ne sana'arta ta gaskiya. In Hester ta tashi ƙarfe biyar tana laluben safa cikin sanyi, Moira takan leƙo daga bargo ta ce ita fa har yanzu ba ta gane hikimar mutum ya bar gadonsa don ya je ya zauna ya yi tafiya da baya ba. Hester takan jefe ta da matashi ta fita. Suna son juna ƙwarai, wannan kada ku yi shakka.

A shekararsu ta ƙarshe, da aka gama jarrabawa, wasu 'yan mata suka haɗa jirgi na uku, ba don komai ba sai don a ba su kujera a walimar da ake yi bayan tsere. Mutum ɗaya suka rasa, suka ja Moira. Hester ce da kanta ta kai ta bakin ruwa safiya huɗu, ta nuna mata yadda ake riƙe filafili, ta daidaita mata ƙafa, tana dariya tana cewa ba ta taɓa ganin wanda ke tuƙi kamar mai dama kunu ba sai ita.

To jirgin nan na uku can ƙasan jeri aka sa shi, cikin waɗanda suka fi su rashin iyawa. Ranar Laraba na gabansu ya kasa shan kwanar farko, ya shige cikin ciyawa, su Moira suka zo a hankali suka taɓa shi. Ranar Alhamis filafilin wata a jirgin gaba ya maƙale a ruwa ya kusa wurgo ta waje. Ranar Juma'a ma dai wani abu makamancin haka. Ranar Asabar kam, a faɗi gaskiya, sun yi tuƙi na minti biyu cur kafin su kama, Moira ta daɗe tana ba da labarin wahalar da ta sha. Hester na saukowa da kekenta wajen azahar sai ta ci karo da su suna komawa, kowacce ta soka ganyen bakin kogi a gashinta kamar yadda waɗanda suka yi nasara ke yi, ga tutar kwaleji a kafaɗar mai linzami, mutane a tudu suna tafi. Moira ta ɗago hannu tana kiran sunanta. Hester ta ɗaga nata, har ta yi murmushi.

Da yammacin ranar nan, a tserenta na ƙarshe, ta ji busa uku. Sau ɗaya ke nan a rayuwarta. Ta ja har ganinta ya dushe. Harcott ta sha.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wadda ta yi shekara uku tana tashi da asuba, tafin hannunta duk kanta, ta fita da hannu wofi. Wadda ta yi safiya huɗu ta fita da filafili mai rubutun zinariya. Ba wanda ya yi zalunci, ba wanda ya karya doka, haka al'adar take, kuma wannan ne ya fi cin ran Hester, don ba ta da wanda za ta kai wa ƙara.

Da abin ya tsaya nan, da ta manta. Ai mutum yakan rabu da abokin makaranta, kowa ya kama gabansa. Amma ita da bakinta ta gayyaci Moira gona a hutun nan, don ta ga ba ta da niyyar komawa gida da wuri. Moira ta zo da niyyar mako guda. Clive, wanda kalmominsa na yini ba su wuce goma ba, aka fara jin dariyarsa daga rumbun dankali. Bayan shekara biyu aka ɗaura aure, amarya ta tare da kayanta a bayan motar gona, filafilin ya leƙo ta baya an ɗaura masa jan ƙyalle.

Tsoho Thoday da kansa ya hau kujera ya kafa ƙusoshi. Bai ga inda ya dace ba sai bangon ɗakin cin abinci, bisa murhu, daidai inda idon mai zama a kujerar Hester zai sauka in ta ɗago kai daga faranti. Tun tana yarinya kujerarta ke nan, ba ta kuwa yarda ta sauya ba, don kada a tambaye ta dalili.

Tsohon ya ɗauki son duniya ya ɗora wa katakon nan. Duk baƙon da ya shigo, dillalin dankali ne, limamin coci ne, mai gyaran tarakta ne, sai ya ja shi gaban murhu ya karanta masa sunayen ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan na Moira ya buga da yatsa.

"Surukata ce ta ciyo shi. Kwana huɗu a jere, ba wanda ya tsira daga hannunsu." Sai ya waiwayo, don shi mutum ne mai adalci, ya ƙara da cewa, "Hester ma ta ɗan taɓa tuƙin."

Ta ɗan taɓa. Hester takan ci gaba da yanka namanta ƙanana-ƙanana. Moira kuwa takan ce, "Haba Baba, ai Hester ce gwanar, ni raka su na yi," amma da dariya take faɗa, kuma duk wanda ya ji sai ya ɗauka tawali'u ne, ya ƙara ganin girmanta. Wannan ma wani ciwon ne a kan ciwo. Da Moira mai fariya ce, da Hester ta samu abin ƙi. Sai ga ta mai kirki, tana aiko mata da zuma da ƙwai, ta yi jinyar tsohon har ya cika, ba ta taɓa mance ranar haihuwar kowa ba. Ina mutum zai kai kishin irin wannan? Sai dai ya haɗiye, ya sha shayi a kai.

Hester ba ta bar kogi ba. Da ta samu aikin koyarwa a gari sai ta koma St Ovin tana horar da jirgin farko na mata, kyauta, kafin ta wuce aji. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, amma ta san sunan mai horarwa ma yana hawa filafili, can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe. Ko wannan ya ishe ta. Sai dai zamani ya juya, jirgin farko ya gangaro tsakiyar jeri, inda kowa gwani ne. Bana su hau ɗaya, baɗi su sauka biyu. Wata shekara aka kama su kwana huɗu a jere, yaran suka yi mata abin da ake yi wa irin wannan jirgi, suka ba ta cokalin katako da sunanta a jiki. Moira da ta ji labari ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce a kawo shi gona a rataye kusa da nata, su zama miji da mata. Hester ta ce ya ɓata. Yana can cikin aljihun teburinta na makaranta, ƙarƙashin tsofaffin takardu.

Haka aka yi shekara ashirin da wani abu. Rannan shugabar ƙungiya, wata yarinya mai kunya, ta zo tana inda-inda, ta ce kwaleji ta ɗauko wani saurayi ƙwararre zai karɓi jirgin farko, ko Malama Thoday za ta taimaka da na uku? Yarinyar ta shirya jin faɗa. Hester ta ce a ba ta takardar jeri. Ta duba inda jirgi na uku yake, ta duba huɗun da ke gabansa, dukansu ta san su, ta san masu horar da su, ta san ba abin kirki a ciki. Ta ninke takardar ta ce ta karɓa. Yarinyar ta koma tana ba da labarin sauƙin kan Malama.

Sauƙin kai ina. Hester ta ga ƙofar da Moira ta bi ce a buɗe, ta yi niyyar bi da ƙarfin tsiya. Ta binciko wasu ɗalibai biyu masu karatun digiri na uku, waɗanda suka yi tuƙi a wata jami'ar amma ba su da lokacin jirgin farko, ta yi ta kai musu waina mai zabibi har suka amsa. Sauran shida ta horar da su kamar za su yaƙi. Jirgin da aka saba fita sau biyu a mako in rana ta yi kyau, ya koma sau biyar ko ana ruwa. Mai linzaminsu, wata 'yar firit mai muryar gardi da ake kira Nerys, ta ce Malama ba ta san bambancin jirgi na uku da rundunar soja ba. Amma sun so ta, don duk wadda ta yi kuskure sau goma, Hester za ta gyara mata sau goma sha ɗaya ba tare da ta ɗaga murya ba.

Yuni ya zo. Ranar Laraba suka kama na gabansu a bugun filafili arba'in. Ranar Alhamis tun kafin kwanar farko. Ranar Juma'a bugu ashirin da biyar, Hester ba ta ko gama hawa keke sosai ba. Ta tsaya a tudu tana karyo musu ganye da hannunta tana miƙawa. A hanyar gida ta tsinci kanta tana auna bangon zaurenta da ido.

Ranar Asabar jirgin da ke gabansu na Kwalejin Bellamy ne, mai horar da su kuwa Dakta Alwyn Pask, tsohon likitan dabbobi, wanda suka yi shekaru suna gaisawa da Hester a kan keke. Yaransa ba su da saurin tashi, amma suna da juriya. In tsere ya yi tsawo sukan gajiyar da na gabansu su kama shi can wajen doguwar miƙa. Hester ta san da haka, ta kuma san ba za su kai doguwar miƙa ba.

Sai ga Moira da Clive a bakin kogi, da kwandon abinci da kujerun ninkewa. Ba wanda ya gayyace su, Clive ne ya ga sakamakon a jarida. Moira ta tono tsohuwar rigar kwaleji mai ratsi ta saka, maɓallin ya ƙi haɗuwa, ta bar shi a buɗe. Ta rungume Hester ta ce yau ba za ta bari a yi babu ita ba. Suna tsaye kusa da inda ake ɗaure jirage sai Dakta Pask ya turo kekensa, ya dubi rigar, ya dubi fuskar, ya ce ai ya gane ta, ba ita ce cikin jirgin St Ovin ɗin nan da ya ci filafili a shekara kaza ba? Ya ce yana tudu a ranar, bai manta ba. Ya cire hula ya gaishe ta, ya kira yaransa biyu da ke kusa ya ce su zo su ga wadda ta yi abin da suke mafarki.

Moira ta yi dariyarta, ta dafa hannun Hester.

"In kun samu yau sai ki shigo ƙungiyarmu, 'yar'uwa. Ba wuya fa. Ni ko gumi ban yi ba."

Da wasa ta faɗa. Shekara talatin tana irin wannan wasan, Hester tana haɗiyewa. Yau sai ya ƙi wucewa. Ta juya ga Pask, don ba za ta iya juyawa ga Moira ba.

"Alwyn, ka gaya wa yaranka kada su wahalar da kansu. Tun Laraba nake auna ku da agogo. A minti na farko mun fi ku da daƙiƙa shida. Kafin bugu talatin mun gama da ku, ku je ku ci abincinku da zafinsa."

Pask ya dube ta ta saman tabarau. Ya ce, "Talatin, ko?" Ta ce talatin. Ya gyaɗa kai, ya mayar da hularsa, ya tura kekensa wajen jirginsa. Ta ga ya tsuguna a bakin ruwa yana magana da yaransa ƙasa-ƙasa, ya daɗe. Tun a lokacin ta yi zargin ta yi suɓutar baki, amma igwar da ke nuna saura minti huɗu ta tashi, ba lokacin tunani.

Igwar minti ɗaya. Aka tura jirage tsakiyar ruwa da dogayen sanduna, Nerys ta ɗaga sarƙar da ke riƙe da su a hannu, Hester tana ƙirga daƙiƙoƙi da ƙarfi. Igwa ta uku ta tashi, kogin ya ruɗe.

Yaran St Ovin suka tashi kamar yadda aka koya musu. Bugu goma, Hester ta busa ɗaya. Bugu goma sha takwas, ta busa biyu. Amma Bellamy ba irin tuƙin da ta auna suke yi ba. Sun zuba duk abin da ke jikinsu kamar tseren na rabin minti ne, ruwa na fantsama ko'ina, ba kyau ba tsari, sai gudu. Ba tsere wa St Ovin suke yi ba, sun san ba za su iya ba. Na gabansu suke so su cafke kafin a cafke su. Hester ta busa uku. Hancin jirginta ya rage kamu ɗaya ya taɓa wutsiyar Bellamy. A bugu na ashirin da takwas mai linzamin jirgin da ke gaban Bellamy ya ɗaga hannu, alamar an taɓa shi. Bellamy ta kama. Su biyun suka ja gefe, tserensu ya ƙare, ba mai ikon taɓa su kuma.

Nerys ta karkata linzami ta zagaye su da ƙyar. Gaban St Ovin ya zama ruwa fetal. Hanya ɗaya ta rage, su kamo jirgin da ke gaban waɗancan biyun, wanda ya tashi da tazarar jirgi shida da rabi. Akan yi, amma ba kullum ba.

Hester ba ta san sanda ta fara ihu ba, ita da ba ta ɗaga murya. Ta bi su a keke, mutane na tsalle suna ba ta hanya. Suka sha kwanar farko, suka sha ta biyu, suka wuce gidan giyar bakin kogi inda jama'a suka miƙe tsaye da kofuna a hannu. A doguwar miƙa tazarar ta koma jirgi uku. Yaran da aka horar don tseren minti ɗaya suna cikin minti na shida, fuskokinsu sun yi ja, amma ba wadda ta saki. Busa ɗaya. Can gaba busa biyu. Gadar jirgin ƙasa ta taso. Hester ta sa usur a baki ta busa uku, ta ci gaba da busawa kamar busar ce za ta tura jirgin. Aka buga ƙararrawar ƙarshe da sauran abin da bai fi tsawon hannu biyu ba.

Yaran suka kife a kan filafilansu. Da suka farfaɗo sai ga su suna dariya suna rungumar juna, wai sun hau uku, kuma ba su taɓa yin tuƙi mai daɗin wannan ba. Nerys ta ce da Malama ta ga fuskar mai linzamin can da ya waiwayo. Hester ta ce sun yi ƙoƙari, tana alfahari da su, kuma gaskiya ta faɗa.

Tana tura keke tana komowa sai ga Pask, ganye a soke a hularsa. Ba da izgili ya zo ba, shi ma abin ya dame shi. Ya ce mata shi fa da niyyar tuƙin juriya ya fito, yadda suka saba, da sun bi wannan kuwa da tuni ta cinye su. Maganarta ce ta sa ya gaya wa yaran su manta da kogin, tseren bugu talatin ne kawai, in sun mutu a na talatin da ɗaya ba laifi. Ya ce ya ga ya kamata ta ji daga bakinsa. Ta ce ta gode. Moira na tsaye a bayansu da kwando a hannu, ta ji komai. Baki shi ke yanka wuya, Hester ta sani, kuma ta san wanda ya sa bakin ya buɗe ba Moira ba ce.

Washegari Lahadi ta tafi gona cin abincin rana kamar kullum, don rashin zuwa zai fi zuwa surutu. Ta shiga ɗakin cin abinci ta tarar bangon murhu wayam, sai ƙusoshi biyu da wani dogon layi inda fenti bai dushe ba. Filafilin yana kwance a kan tebur, tsakanin kwanon dankali da na miya, ya kusa kaiwa ƙofa. Clive ya ce zai je ya duba wani abu a rumbu, ya fice.

Moira ba ta yi dariya ba, abin da Hester ba ta saba gani ba.

"Ɗauki abinki, Hester. Ke kika koya mini riƙe shi. Wallahi ko gefen da na zauna ba na tunawa. Da na san yana ci miki rai haka, da tuni na sa Clive ya yi shingen kaji da shi."

Hester ta tsaya tana kallon sunayen. Ba ta taɓa ganinsu kusa haka ba. Zinariyar ta fara ɓarewa a kan na mai linzami.

"Gefen dama kika zauna," in ji ta. "Kujera ta uku. Kina saurin tsoma shi, har yau in na tuna raina na ɓaci."

"To kin gani. Naki ne."

"Ba nawa ba ne. Da naki nake so, da na sace shi tun Baba na da rai, na san inda ake ajiye mabuɗi. Nawa nake so, Moira. Mayar da shi."

Moira ta ɗauko kujera ta hau, ta kinkimi filafilin, tana nishi, ta ɗora shi a kan ƙusoshin. Gajera ce, hannunta bai kai sosai ba, sai ya zauna a karkace, rubutun yana kallon rufi. Ta sauko ta ce ya yi, ko? Hester ta zauna a kujerarta, ta ɗebi dankali, ta ɗago kai. Ta sunkuyar. Ta sake ɗagowa. Ta ajiye cokali ta ce Moira ta matsa, ta hau kujerar da kanta, ta juya shi sunayen suka fuskanci ɗaki, ta daidaita shi da ido ɗaya a rufe, ta goge ƙurar da ke kan wuyansa da hannun rigarta. Sannan ta sauko ta ce a kira Clive, nama na hucewa.

Bana shekararta ta huɗu ke nan da jirgi na uku. Sun hau uku, sun hau biyu, bara sun sauka ɗaya, don yanzu sun shigo cikin waɗanda suka iya. In kun gamu da ita a hanyar kogi ku gaishe ta, za ta amsa da fara'a. Amma in ranar tsere ce, ko ku tambaye ta ƙarfe nawa, ba za ta ce muku uffan ba sai igwa ta tashi.